Jan Goro a Likkafanin Kaka

Kakata ta wajen uba goro ta sayar a kasuwar Jugu fiye da rabin rayuwarta, kuma goron nan ne ya kai ta Makka. Ba ta dawo da haƙorin zinariya ba, ba ta dawo da agogo ba. Abin da ta rungumo tun daga can shi ne farin alawayyo mai tsawo, wanda ta tsoma a ruwan Zamzam da hannunta, ta shanya a ranar Makka, ta tsaya a kansa har ya bushe don kada wani ya taka. A kusurwa ɗaya ta ƙulle ƙwallon dabinon da ta ci a Madina, wai don kada a musanya mata. Shi ne likkafaninta. Yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, an barbaɗe shi da kanumfari saboda ƙwari.

Duk gidan ni kaɗai take aika in buɗe akwatin nan. Wasan kaka da jika ke tsakaninmu, tana ce mini maigida, ina ce mata uwargida. In na shigo hutu sai ta ce, "Maigida, yau ma hannu rabbana ka zo? Wane irin miji ne wannan, ko gishiri babu?" A lokacin idonta ya soma mutuwa, da hannu da hanci take gane abubuwa.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta Paraku, ina zaune wajen kawuna mai shagon yadi a unguwar Albarika. Zamanin juyin juya hali ne, kowa ya zama kamarad, har shugaban makaranta da mai share tsakar gida. Da safe mu yi noma a gonar makaranta, da rana mu shiga aji muna gyangyaɗi. Abu ɗaya ke sa jinina ya motsa a duk mako, wato taron 'yan silima da malamin tarihinmu ke yi ranar Asabar da la'asar. A gabansa kamarad malami muke ce masa, a bayan idonsa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ya yi karatu a ƙasashen gabas, ya dawo da tari da wata ƙaramar kyamara mai ɗaukar hoto ba murya.

Mu dai a gidan silima na gari finafinan Indiya da na karate muka sani. Mushe ne ya faɗa mana akwai wasu finafinai da ake shiryawa takanas don a tsorata mutane, kuma mutanen su biya su shiga da ƙafarsu. Ba shi da ko ɗaya da zai nuna mana, sai hotunan da ya yanko daga mujallu, da alli, da bakinsa. Ya ce tun silima ba ta iya magana ba aka fara, da inuwa kawai: hannu mai dogayen yatsu yana hawa bango. Ya ce bayan babban yaƙi na farko Jamusawa sun riƙa zana gidaje a karkace, saboda hankalinsu ma a karkace yake. Daga nan aka shiga zamanin dodanni masu kwana a akwatin gawa suna shan jinin mutane. Da aka jefa bam ɗin nan mai ƙona gari guda, sai dodannin suka koma ƙwari masu girman gida. Da launi ya shigo, jini ya samu kasuwa. Daga ƙarshe kuma, in ji shi, dodo ya bar kango da daji ya tare a cikin gida, ya zama maƙwabci, ko uba, ko wani abu da ka saba gani kullum. Komai Mushe sai ya kai shi ga gwagwarmayar talaka da mai dukiya. Mai shan jini a wajensa mai gonaki ne, ƙaton ƙwaro kuma jari-hujja. Da za ka nuna masa kunama a takalmi, da ya gaya maka ajin da ta fito.

Ranar da ya ce zai ba mu aron kyamarar mu shirya namu, ban ci abincin kirki ba. Naɗin fim huɗu gare shi, kowanne minti uku da 'yan kai, kuma sai an aika Faransa a wanke kafin a ga abin da aka ɗauka. Ma'ana babu kuskure, babu a sake. Ni na rubuta labarin. Wani ɗalibi ne ke bin hanyar gona da rana tsaka, sai ya lura wani abu fari na biye da shi. In ya tsaya ya tsaya, in ya tafi ya tafi, kuma kullum tazarar na raguwa. Abokina ɗan unguwar Kpebiye, wanda ya fi kowa tsawo a makarantar, shi zai zama farin abin.

Muka gwada zanin gado, ya yi gajere. Muka gwada sabon yadi, Mushe ya leƙa ta idon kyamara ya ce yana ƙyalli, ya yi kama da tallar sabulu. Ya ce abin tsoro sai ya tsufa, sai an ga ya daɗe a ninke yana jira. Yana rufe baki na ga akwatin Kaka a raina. Bakina kuwa bai yi shawara da ni ba, na ce, "Ni zan kawo na gaske."

Na je Jugu ƙarshen mako da sunan gaisuwa. Kaka na zaune a tsakar gida tana jan carbi, na shiga ɗakinta na ɗauki mabuɗi a cikin kwanon da take ajiye shi, na zare likkafanin na cusa a jakar makaranta. Na gaya wa kaina aro ne, mako biyu in mayar, tafiya kawai za a yi da shi a kan ciyawa. Da zan tafi ta laluba hannuna ta danƙa mini jan goro guda uku ta ce in ba malamaina. Na karɓa, ko kunya.

Fim uku na farko sun tafi yadda nake so. A wata hanyar gona muka ɗauka, can bayan ƙauyen Turu. Da abokina ya lulluɓa ya fito daga cikin dawa, har Mushe sai da tarinsa ya tsaya.

Sai maganar izini ta taso. Ba a nuna komai ga jama'a a lokacin sai kwamitin juyin juya hali na unguwa ya buga hatimi, kuma ana cikin yaƙi da bokaye da mayu, labari na ta zuwa na waɗanda aka kama da manyan itatuwan da aka sare. Muka kai takardar labarin. Kamarad ɗin da ya karanta ya cire tabarau ya dube mu.

"Ina darasin?" in ji shi. "Ku ɗalibai, ku ne za ku koya wa jama'a tsoron fatalwa? Sa, se pa posibil, ba zai yiwu ba. Dole a ƙarshe matasa su kama shi, su yaye mayafin, a ga boka ne macuci. Kuma a ga ya sha hukunci."

Na yi fushi ƙwarai, don ya kashe mini labari. Amma a hanyar komawa fushin ya juye ya zama wani abu. Na tuna Mushe ya ce launi ne ya kawo jini, kuma fim ɗinmu mai launi ne. Na ce a raina, tunda hukunci suke so, za su ga hukunci.

Asabar ɗin da ta biyo muka koma Turu da kwalbar zoɓo da aka kaɗa da sitaci. Na tabbatar wa kaina zoɓo yana fita da ruwan sanyi. Muka ɗan ɗiga a kan wani tsumma don gwaji, abokina ya duba ya kwashe da dariya.

"Mon frer, wannan ai siro ne, ruwan zaƙi na 'yan mata. Wa zai ji tsoron wannan?"

Mushe ya ce rana na faɗuwa, saura fim ɗaya, ko mu ɗauka yanzu ko mu haƙura. A nan ne na sa hannu a aljihu na ji goron Kaka, don ban ba kowa ba. Na daɗe ina so in ce wani ne ya kawo shawarar, amma ba kowa ba ne. Ni ne jikan mai goro, ni na fi duk wanda ke wurin sanin cewa jan goro in ya kama farin yadi ya kama ke nan. Na sani sarai. Na tauna guda biyu, na haɗa da zoɓon a bakina, Mushe ya ce "On turn," wato a fara ɗauka, matasa suka rufar wa abokina da sandunan kara, ni kuma daga gefe na fesa a ƙirjin likkafanin. Ya yi kyau, kowa ya tafa. Ni ma na tafa.

Sai da na shimfiɗa shi a bayan ɗakina a Albarika washegari hankalina ya dawo. Tabon ya kai faɗin faifai, ja a gefe, tsakiyarsa ta soma komawa ruwan ƙasa. Na ɗebo ruwa a bokiti na zauna a gabansa na fi sa'a guda. Na san abin da ke gabana. In na bar shi, duk wanda ya buɗe zai ga tabo, a tambayi wanda ke riƙe da mabuɗi. In na wanke, Zamzam ɗin da ta tsallaka ƙasashe ta tsoma shi a ciki zai bi ruwan rijiyar Albarika ya shige kwata. Tabo ana gani, Zamzam ba a gani. Na zaɓi in gyara abin da ido ke gani, na tsoma shi.

Na wanke da sabulun gari, bai fita ba. Na sa lemun tsami na shanya, ya ƙara duhu. Na sa toka da kanwa. A na huɗu na sa ruwan jabel mai farar da kaya, hannuna ya yi ta zafi, yadin ya yi fari fat ko'ina ban da wurin, inda ya tsaya kalar tsatsa ya ƙi gaba ya ƙi baya. Garin gyaran gira na rasa ido. Ina durƙushe ina cuɗawa ina kuka, matar kawuna ta leƙo ta katanga ta ce wankin me nake yi haka tun safe, na ce kayan makaranta ne.

Ranar Talata wani direban babbar mota, mutumin Nijar da ke bin hanyar Jugu, ya tsaya a shagon kawu da saƙon Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke jinyar Kaka. Jiki ya yi tsanani, ta daina cin abinci, kuma ni take ta kira.

Ban taɓa sanin mutum na iya jin sanyi a tsakiyar rana ba sai ranar. Abin da nake roƙon Allah a lokacin ma abin kunya ne: ba sauƙi nake roƙa mata ba, kwana biyu nake roƙa wa kaina. Na ce wa kawu makaranta na son farin alawayyo za a rubuta kirarin juyin juya hali, wanda a zamanin ba mai musu da shi. Ya auna mini daidai tsawon da na faɗa. Sannan na shiga unguwar zango gida gida ina neman wanda ya sauko daga Hajji da sauran Zamzam. Wani ya ce ya ƙare tun bara. Wani ya ce na matarsa ne kuma ta yi tafiya. Wani ya tsare ni da tambayar ɗan gidan wa nake har na gudu. Ƙafata ta yi ƙura, maƙogwarona ya bushe, ina ta sallama a ƙofofin mutane. Dab da magariba wani tsohon Alhaji mai motocin haya ya tausaya, ya ɗiga mini a 'yar kwalbar turare, bai fi cokali biyu ba.

"Wa ke ciwo, ɗana?"

"Kakata, Alhaji."

"Allah ya ba ta lafiya. Ka ba ta ta sha da bisimilla."

Ban ba ta ta sha ba. Na koma ɗaki na yayyafa shi duka a kan sabon yadin, wanda ko damshi bai nuna ba. Na murza shi, na tattaka ninkin, na barbaɗa kanumfari, wai ya yi kama da tsoho. Na sa duka biyun a jaka.

Washegari a hanyar Jugu akwai shingen jandarmomi, aka sauke mu aka buɗe kaya. Jandarman da ya zaro tsohon likkafanin ya ga tabon, ya ja da baya, ya ce wannan kayan wane boka ne. Fasinjoji suka dare daga kusa da ni. Na laluba na fiddo takardar kwamiti mai hatimi, na yi masa bayani da Faransanci cewa fim ne na yaƙi da camfi. Ya karanta, ya ninke yadin da kansa, ya ce, "Da kyau, kamarad, ku ci gaba." Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba.

Na isa bayan azahar. Gwaggo ta tare ni a zaure ta ce, "Alhamdu lillahi. Tun shekaranjiya take cewa a fiddo mata kayanta ta taɓa, amma ta hana kowa buɗe akwatin. Wai sai mijinta ya zo."

Ɗakin na warin magani da man zafi. Ta ƙanƙance a kan gado har na kusa rasa ta a cikin zannuwa. Da ta ji muryata ta yi ɗan murmushi.

"Maigida, sai yanzu? Da wata ka tsaya a Paraku ko?"

"Wa zan samu kamarki, uwargida?"

"Buɗe mini akwatin. Ina so in ji shi a hannuna."

Na juya mata baya duk da na san ba ta gani, na buɗe akwatin don ta ji ƙarar murfin, na zaro sabon daga jakata na ɗora mata a ƙirji. Ta shafa shi. Ta bi gefensa da yatsu har kusurwa ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ni na manta da ƙwallon dabinon sam. Ta kai shi hanci, ta sauke.

"Wannan na shago ne," in ji ta. "Ina nawa?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa a nan ya ƙare. Na fiddo na gasken na ba ta, na durƙusa a gaban gadon. Yatsunta suka sami ƙullin nan da nan, ta riƙe shi. Sannan ta shinshina yadin, ta daɗe tana shinshinawa, tana neman abin da babu.

"An wanke shi."

Na faɗa mata komai, da Mushe da kyamara da Turu da kwamiti da goron da ta ba ni. Ban san abin da ta fahimta game da fim ba, ba ta tambaya ba. Da na zo kan tabon na kama hannunta na ɗora a wurin.

"Goro ne?" ta ce. "To goro ai ɗan gida ne. Shi ya kai ni, in ya raka ni kabari mene ne? Da ka kawo mini shi da tabonsa."

Sai ta ƙara tambayata.

"Sau nawa ka wanke?"

"Huɗu."

Ta sauke yadin a ƙirjinta. Na ce mata na samo Zamzam a Paraku, ta ɗan ɗago kai ta ce ina yake. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Da na riƙe cokali biyun nan, da yanzu ta shafa a nata da hannunta, ko ta jiƙa leɓenta. Na ce na zuba a ɗayan. Ta mayar da kanta kan matashi, ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, kuma na so ta zage ni.

Can ta ce in kira Gwaggo. Da ta shigo, Kaka ta miƙa mata likkafanin ta ce, "Da wannan za ku sa ni. Akwai tabon goro a jiki, ni na zubar wata shekara ina shanya shi, ido ba ya gani. Ku ninka wurin ta ciki, kada mata su yi ta surutu." Gwaggo ta dubi tabon, ta dube ni, ta karɓa. Kaka ta juya wajen bango ta ce, "Yaro, je ka ci abinci."

Tun da na yi wayo ba ta taɓa ce mini yaro ba. Kwana uku ta ƙara, ina zaune a bakin ƙofarta, in ta ji motsina ta tambayi Gwaggo ko an ba yaron nan ruwa. Ta rasu ranar Asabar da hantsi. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma duk tsawon hanyar maƙabarta warin jabel nake ji.

Bayan wata uku fim ɗin ya dawo daga Faransa. Aka toshe tagogin babban aji da tabarmi da rana, aka rataya sabon alawayyon nan a kan allo, tunda dai na ce na makaranta ne. Ɗalibai suka cika wurin, kamarad na kwamiti a kujerar gaba. Da farin abin ya fito daga cikin dawa, wani ya hango takalmin robar abokina a ƙasa ya kira sunansa, ajin ya ɓarke da dariya. Mushe ya dafe kai ya ce mini a hankali mun faɗi, ba wanda ya tsorata.

Ni ban ga takalmi ba. Fim na farko ne, wanda muka ɗauka kafin goro, kafin bokiti. Likkafanin Kaka ne ke tahowa a kan hanyar gona da Zamzam ɗinsa a jiki, ƙullin dabinon yana lilo a gefe. Na kama hannun Mushe na ce don Allah ya tsayar mini da injin a nan, ko na minti ɗaya. Ya ce ba a tsayar da shi, in aka tsayar fitilar ƙona fim ɗin take yi.